Zumar Mota

Shekarar da ruwan sama ya ɗauke, gero yana cikin fitar da kai, na dawo gida daga birni da jaka ɗaya da mota a cikin buhu. Ba motar hawa ba. 'Yar mota ce ta tsere wadda ake tuƙawa da rimot, tsawonta bai fi kamu guda ba, tayoyinta masu ƙuraje don bin ƙasa marar kwalta. Na yi shekaru a wani shago a Rijiyar Zaki ina gyara ire-irenta na 'ya'yan masu hali da ɗaliban jami'a, waɗanda suke tsere da su a filin jar ƙasa in an yi hutu. Da zamani ya matse, kowa ya koma neman abin sawa a baki, maigidana ya rufe shago. Ranar sallama ya sauko da wannan daga kan kanta ya ce in tafi da ita, mai ita ya bar ƙasar tuntuni.

Baba ya leƙa cikin buhun, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wasu 'ya'yan da masara suke dawowa." Allah ya yi ni da saurin hawa, duk gidanmu an san haka, amma ranar na haɗiye, don maganar ba ta da ƙarya a ciki.

Rumbunmu bai cika ko rabi ba a wannan kaka. Abin da ya rage mana shi ne gonar rani da Baba yake da ita a ƙasan madatsar Watari, doguwa siririya kamar rawani, kwance a gefen magudanar ruwa. Muka zuba mata shinkafa, muka zuba mata duk ƙarfinmu. Yayyena mata suna gidajen aurensu, ƙanena ya tafi ci-rani kudu, gida ya rage daga ni sai Baba sai Inna. Idan shinkafar nan ta shigo gida, za mu kai wata kakar. Idan ba ta shigo ba, ban san me za mu ci ba, kuma na san Baba ma bai sani ba, ko da yake ba zai taɓa faɗa ba.

Ƙwaya tana fara yin nono jan-baki suka iso. Wanda bai taɓa ganinsu ba zai ce 'yan tsuntsaye ne, ko cikin tafin hannu ba sa cikawa. Amma ba ɗaya-ɗaya suke zuwa ba. Daga nesa kamar hayaƙi suke, su karkata nan su karkata can, sai su kwanta a kan gona gaba ɗaya, zangarniya ta durƙusa saboda nauyinsu. Safe da yamma suke zuwa. Maƙwabtanmu suna da yara rututu masu ihu da majajjawa. Mu kuwa muka ɗaura igiya da gwangwanaye da tsummokaran leda, ni ina wannan ƙarshe Baba yana wancan. Ba a jima ba tsuntsayen suka gane igiya ba ta cizo. In na kore su daga gefena su sauka tsakiya, in na ruga tsakiya su koma inda na baro. Baba kuma ga tarin da ke damunsa tun shekarun baya, gudu kaɗan sai ya dafe ƙirji.

Haushi ne ya sa na tuna da motar, ba wayo ba. Na kai batir wurin mai cajin waya, na ɗaura mata jerin gwangwanaye a baya da wata jar leda a kan tsinke, na ɗora ta a 'yar hanyar da ke bin magudanar ruwa daga kan gonar har ƙarshenta. Da hayaƙin nan ya kwanto, na matsa rimot. Ta fita da ƙara kamar an taka kyanwa, gwangwanaye suna kururuwa a bayanta, kafin in ƙifta ido ta kai wancan ƙarshen ta juyo. Tsuntsu ya tashi bai sake sauka ba. Ba su saba da abin da ke bin su a guje ba, kuma ba ta zuwa a lokacin da suka zata.

Mutanen da suka yi ta yi mini dariya, ƙato da gemu yana wasan yara, sai ga su suna tsayawa da fartanya a kafaɗa suna kallo. Baba bai yaba ba. Abin da kawai na lura shi ne, in zan tafi gona da asuba, sai in tarar an riga an jingine mini buhun motar a bakin zaure.

To amma motar tana da ciwo, kuma na san ciwon tun daga shago. A tsakanin ƙafafunta na baya akwai wani ɗan ƙoƙo mai murfi, girmansa kamar goro babba, cikinsa ƙananan haƙoran ƙarfe ne masu cin juna. Shi ke raba ƙarfi tsakanin taya da taya. Masu boko suna da dogon suna da suke kiransa, ni ƙoƙo nake cewa. Ana cika shi da wani mai na musamman, man silikon, fari tas, mai kauri da yauƙi. Kaurin nan shi ne aikinsa: shi ke riƙe haƙoran, ya hana tayar da ta ɗaga sama kwashe ƙarfin duka. In man ya tsiyaye, mota na taka tudu ƙafa ɗaya ta ɗaga, sai waccan ta yi ta wulwulawa a iska, wadda ke ƙasa ta zauna kamar ba da ita ake ba. Hanyar gefen gonarmu kuwa duk tudu ce da sawun shanu.

A shago ba wanda ke cewa silikon. Zuma muke ce masa. "Miƙo zuma mai kauri." "Wannan zumarta ta yi ruwa." Bakina ya saba har na manta kalmar tana da wata ma'ana.

Ƙoƙon yana yoyo ta wuri biyu. Akwai zoben roba a inda ƙarfen taya yake fitowa, ya tsufa ya saki. Akwai kuma siririyar takarda a ƙarƙashin murfi, wadda wani mai ƙarfin hannu ya taɓa matse wa sukurori har ta tsage. Kullum da rana, in tsuntsu ya tafi hutawa, nakan shimfiɗa buhu a zaure in kwance ƙafafun baya. In wanke haƙoran da kananzir, in yanka sabuwar takarda daga kwalin shayi, in shafa wa zoben giris, in ɗiga mai daga 'yar kwalbar da na taho da ita har ya rufe haƙoran, ban kai shi baki ba, don in ya cika maƙil shi ma yoyo yake jawowa. Sannan in ɗaure sukurorin a hankali, wannan sai na kishiyarsa, kada murfi ya karkace. Baba yana gefe a kan buzu da carbi, fuskarsa tana kallon titi. Na ɗauka ba ya ganin komai.

Kwalbar ta yi ta sauka har wata rana na kife ta, na jira, ko ɗigo bai fito ba. Na gwada baƙin man inji, ya zube kamar ruwa. Na gwada giris, haƙoran suka watsa shi jikin bango suka ci gaba da juyawa a sake. Ranar motar ta maƙale a kan tudu tana kuka, jan-baki suka sauka a gabanta suna ci, ina tsaye da rimot a hannu kamar gunki. Saura kaɗan shinkafar ta isa yanka, kuma a wannan ɗan tsakanin ne ake rasa gona.

Na dawo gida na jefar da buhun a zaure. Inna ta tambaya lafiya.

Na ce, "Zuma ta ƙare, Inna. In babu zuma motar nan ba ta da amfani. Gobe in tsuntsun safe ya tashi zan shiga birni in nemo."

Washegari na wanke ƙoƙon tas, na jera haƙoran a ciki, na ajiye murfi da sukurori a faranti na kife kwano a kai, don ina dawowa in zuba kawai in rufe. Na roƙi Baba ya riƙe mini yamma idan na makara. Na taka zuwa bakin titi, na sami ƙaramar bas da ta fito daga Tsanyawa, muka yi ta tsayawa muna jiran fasinja saboda tsadar mai.

Birni bai ba ni komai ba. Shagonmu ya zama wurin sayar da gawayi. Mutumin da yake shigo da man ya ce ya daina, ba mai saye. Na bi masu gyaran waya, na bi masu kayan babur, wani ya miƙo mini gam ɗin gilashi ya rantse shi ne. Duk inda na tsaya idona yana kan rana, ina ganin tana karkata, ina ganin Baba shi kaɗai a gonar nan mai tsawo. Na juyo hannu rabbana, raina a ɓace, cikina babu komai tun kokon safe.

Ban biya gida ba, gona na wuce. Tun daga nesa na hango hayaƙin yana tashi yana sauka a kan shinkafarmu, na hango farar rigar Baba tana kai da kawo. Na ruga na kama wancan ƙarshen, muka yi ta ihu har rana ta yi ja suka tafi da kansu. Sun ci, ba laifi sun ci. Baba ya zo wurina yana haki, muryarsa ta dushe sarai, amma fuskarsa a sake, har da ɗan murmushi, abin da na daɗe ban gani ba.

Ya ce, "Ka samo?"

Na ce ban samu ba.

Ya ce, "To ai ba komai. Je ka gindin mangwaron can ka duba."

Buhun motar na nan a jingine. Kusa da shi, a kan wani tsumma, ga wani dunƙule baƙi ƙirin yana motsi. Sai da na durƙusa na gane ƙoƙona ne, tururuwa ta lulluɓe shi. Na karkaɗe su, suna cizon yatsuna. An rufe murfin, an ɗaure sukurori tamau, wani abu ruwan ƙasa yana tsattsafowa ta gefe. Na kai hanci. Ban yarda da hancina ba, na kai harshe.

Baba yana tsaye a kaina. Ya ce, "Ka kwashi ƙafa har birni neman zuma, ga ta a ɗakina. Da ka tambaye ni, ce maka aka yi zan hana ka?"

Yunwa da gajiya da ganin zangarniyar da aka tsotse suka haɗu suka taso mini. Na ce, "Haba Baba, ba wannan zumar ba. Mai ne, man inji, suna ne kawai muke ce masa. Wa ya ce ka taɓa? Yanzu ka ɓata mini abin da ya rage."

Murmushin ya tafi. Ya sunkuya ya ɗauki butarsa ya yi gaba, na bi shi a baya da buhu, yana ta tari har muka isa gida.

Bayan magariba na zauna a tsakar gida da ruwan zafi a kwano zan wanke ɓarnar. Inna tana kwashe tuwo, ba ta dube ni ba ta ce, "Ka san wace zuma ce? Ta ƙirjin Malam ce, wadda yake lasa da asuba. Ni kaina ba ya bari in taɓa. Tun hantsi yake zaune da abin nan, idonsa ba ya ganin ramin sukurun, da lalube ya ɗaura."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa ido. Na ɗauki ƙoƙon don in sami abin yi da hannuna. Kafin in kwance, sai na yi abin da hannun ya saba: na kama ƙarfen wannan gefe da na wancan, na murɗa su saɓanin juna. Ƙoƙon da babu mai yakan juya sakayau. Wannan ya riƙe. Ya juya a hankali, da nauyi, sumul, yadda nake so ya yi. Na sake murɗawa. Iskar yamma ta sanyaya zumar, ta yi kauri, kuma haƙoran ƙarfe ba su san sunan abin da ke riƙe su ba.

Na san ba za ta daɗe ba. Zafi zai tsinka ta, kuma tana da ruwa a jikinta wanda zai ci ƙarfen. Amma ni ba shekara nake nema ba, kwanakin da suka rage wa shinkafa nake nema.

Na sami Baba a zaure. Na durƙusa na ce ya yafe mini maganar da na yi. Ya ce ya wuce. Na ci gaba da durƙuso.

Ya ce, "Akwai wani abu?"

Na ce, "Sauran zumar, Baba."

"Ai ka ce ba ita ba ce."

"Ba ita ba ce. Amma ita muke da ita."

Ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da kwalbar, rabinta saura, ya ajiye a gabana.

Daga nan aiki ya ninku. Zumar takan riƙe da sanyin safiya, hantsi na ɗagawa ta tsinke ta fara bin zoben roba tana fita, ƙura ta manne mata. Sai in dawo gida in kwance, in wanke da ruwan zafi, in shanya haƙoran su bushe ƙayau, in yanka sabuwar takarda, in sake zubawa don yamma. Na sami robar bawul ɗin keke na yanka zobe na ƙara a kan tsohon, yoyon ya ragu bai tsaya ba. Inna ce ta koya mini in ajiye ƙoƙon a gindin randa don sanyi, a cikin ɗan kwano, kwanon kuma a tsakiyar farantin ruwa, tururuwa ta zo baki ta koma. Tsakar gida ta cika da ƙudan zuma suna bin ruwan wankin. Kullum in na buɗe sai in ga tsatsa ta ƙara hawa haƙoran, bakinsu yana cinyewa.

Shinkafa tana ja, kwalba tana sauka, tarin Baba yana ƙaruwa. Da asuba ina jin sa ta bango, irin tarin da ba ya fita, kuma na san abin da ya saba lasa yana hannuna. Tsoro ya shige ni sosai. Na mayar masa da kwalbar na ce ya riƙe sauran, zan koma wa giris ko yaya ne.

Ya ce, "Giris ɗin da ya zaunar da kai a kan tudu? Ɗauki abinka. Ƙirjina ba shi zai ciyar da gidan nan ba."

Muka yi magana da masu yanka, suka ce za su shigo mana washegari da hantsi in sun gama kwashe abin da suka yanka a gonar maƙwabci. A wannan safiyar sai da na sa tsinke na kankare gindin kwalbar, abin da na samu bai rufe haƙoran ba. Maƙwabta kuwa duk sun yanke nasu, tamu ce kaɗai a tsaye a wannan layi, don haka duk jan-bakin da ke yankin wurinmu ya nufo. Ban taɓa ganin yawansu kamar ranar ba. Sararin gabas ya yi duhu.

Motar ta je ta dawo, ta je ta dawo. Suna tashi suna zagayowa, ba sa nisa. Ina jin ƙararta tana canzawa, wani ƙasa-ƙasa kamar ana niƙa tsakuwa. A can ƙarshen gonar ta hau tudu, wani abu ya ce ƙas, ƙafafun baya suka ƙame. Na matsa, na sake matsawa. Ta ja jiki da ƙafafun gaba ta faɗa gefen magudana ta tsaya. Hayaƙin ya kwanta a kan gefen ƙasa gaba ɗaya.

Baba ya fi ni kusa da wurin. Na gan shi ya sunkuya ya tsinke igiyar gwangwanayen daga bayan motar, ya naɗe a hannu, ya fara gudu. Dattijon da ko masallaci ba ya zuwa da sauri, ga shi yana gudu a kan hanyar nan mai tudu, gwangwanaye suna bin sa, bakinsa a buɗe amma babu murya. Na jefar da rimot na kwance wani tsumman leda daga igiyar da muka ɗaura a gona na ruga ta ɗaya gefen ina ihu, rabi don tsuntsu, rabi don ya tsaya. Bai tsaya ba. Ya kai ƙarshe ya juyo, ya sake kaiwa. Haka muka yi ta yi har rana ta ɗaga, zafi ya kore su zuwa itatuwan bakin ruwa.

Na same shi zaune a ƙasa, ya jingina da tudun magudana, igiyar tana naɗe a hannunsa har ta yanke shi. Numfashinsa yana fita da ƙyar, yana shiga da ƙara. Na riƙe kafaɗunsa ina karanta duk abin da ya zo bakina. Na ɗauka a nan zan rasa shi, kuma na ji a raina da na sani da na bar musu gonar duka.

Da ya sami iska ya ce, "Ina suka ci?"

Na ce, "Gefen ƙasa ne kawai."

Ya ce, "To je ka taro masu yankan nan, kada su wuce wata gonar."

A kan amalanken maƙwabci muka kai shi gida. Bai ga yankan ba, bai ga bugu ba, yana kwance Inna tana dafa masa citta da kanumfari, babu abin zaƙin da za ta sa a ciki. Abin da muka kwaso bai kai yadda muka sa rai ba, amma da na dubi buhunan a jere a tsakar gida na san za mu kai kaka, in an yi tattali.

Na ɗebo cikin tafin hannu na shiga ɗakinsa. Ya yunƙura ya jingina da bango, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya kai haƙori ya ciza. Ya ɗauki ta biyu ya ciza. Hawaye suna zubo mini, ban ɓoye ba, shi kuma ya yi kamar bai gani ba.

Ya ce, "Ba ta gama bushewa ba. Ku ƙara shanya ta kafin ku ɗinke buhu."